Zinare a Tsakar Gida: Nazarin Gubar Dalma ta Zamfara

Agwagi ne suka fara tafiya. A farkon shekarar 2010, a wasu ƙauyuka na yammacin jihar Zamfara, mutane suka lura agwagin da ke kiwo a tsakar gida da bakin kududdufi suna ta mutuwa har suka ƙare. Ba wanda ya ɗaga hankalinsa, domin a karkara annobar kaji da agwagi ba baƙuwa ba ce. Sai daga baya, bayan an kai yara da yawa makwancinsu, masu bincike suka gane cewa agwagwa, mai cusa baki cikin taɓo tana neman abinci, ita ce ta riga kowa haɗiyar abin da ya kashe yaran.

A watan Maris na wannan shekara, ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suna zagayen sa ido kan sanƙarau, kamar yadda ake yi duk lokacin zafi, sai labari ya iske su cewa ƙananan yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Ciwon iri ɗaya ne. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, jikinsa ya saki, sai jijjiga ta kama shi, ya sume, cikin 'yan kwanaki a rasa shi. Aka zaci zazzaɓin cizon sauro ne da ya hau kai, aka ba da magani, bai yi ba. Aka gwada na sanƙarau, shi ma shiru. Abin da ya ja hankalin likitocin shi ne ƙarar injinan niƙa da ke tashi ko'ina a cikin gari, kuma ba hatsi suke niƙawa ba, dutse ne. Aka ɗebi jinin wasu yara aka aika Turai. Da sakamako ya dawo, sai ga dalma a jinin, mai yawan da likitoci da dama ba su taɓa ganin irinsa ba a jikin ɗan Adam mai rai.

Yadda dutse ya shigo gida

Haƙar zinare ba sabon abu ba ne a ƙasar Zamfara. Tun zamanin Turawa ake tonon sa jefi-jefi, manomi ya ɗan taɓa da rani idan aikin gona ya ƙare. Abin da ya sauya shi ne farashi. Zinaren da ake sayar da oza ɗaya ƙasa da dala 500 a 2005, ya haura dala 1,200 a 2010, ya kai wajen dala 1,900 a 2011. Masu kuɗin duniya da rikicin tattalin arzikin 2008 ya firgita suna ta ɓoye dukiyarsu a zinare, kuma wannan firgicin nasu ya biyo hanya har ƙauyukan Dareta da 'Yargalma na Zamfara. Mutumin da gero da dawarsa ba sa kai shi ƙarshen shekara, wanda ya saba tafiya ci-rani, ya ga yana iya samun abin da ya fi na noma a bayan garinsu, kusa da iyalinsa. Wa zai ƙi?

Sai dai zinaren wannan yanki ba dunƙule yake ba. Ƙanana ne ƙwarai, a maƙale cikin dutse. Kafin a fitar da shi sai an farfasa dutsen da guduma, a niƙe shi ya zama gari, a wanke garin da ruwa, a zuba zaiba ta kama zinaren, sannan a ƙona zaibar ta tashi ta bar shi. Aiki ne na masana'anta. Talaka kuwa ba shi da wata masana'anta sai gidansa. Nan ne kayan aikinsa suke, nan ne masu taya shi suke, nan ne kuma yake da tabbacin ba za a sace masa buhun da ya sha wuyar haƙowa ba.

A duba tsakar gidan da kowa ya sani. Maigida ya sauke buhun dutse daga babur a ƙofar zaure, aka shigo da shi ciki. Uwargida, wadda ba ta fita, ta sami sana'ar da za ta yi a ɗaka ta sami na kashewa: tana zaune tana farfasa dutsen, ko tana dakansa a turmi, da goyo a bayanta. An shanya garin dutse a gefe ɗaya, an shanya tsabar dawa a ɗaya gefen. Injin da ke niƙa dutsen irin wanda ake niƙa hatsi da shi ne, kuma a bushe yake niƙan, ƙura na tashi tana sauka a kan randa, a kan kwanon tuwo, a kan tabarma. Buhun da aka juye dutse ba a yar da shi, don buhu abin amfani ne. Ɗan wata goma yana rarrafe a wannan ƙasa, ya dafa ta da tafin hannu, ya kai hannun baki. Sau nawa yake yin haka a yini? Duk wadda ta taɓa reno ta san ba ya ƙirguwa.

Babu mugu ko ɗaya a cikin wannan hoton, kuma ina ganin wajibi ne a faɗi haka, domin a lokacin an yi ta maganar jahilci da kwaɗayi kamar iyayen ne suka zaɓi kuɗi a kan 'ya'yansu. Shekara da shekaru ana wannan aiki ba a ga irin wannan mutuwa ba. Abin da ya faru shi ne masu haƙa sun faɗa kan jijiyar dutse mai ɗauke da dalma fiye da kima, har a wasu samfurori dalmar ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin dutsen. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗanon da zai sa a tofar. Masana duwatsu sun kuma gano cewa ruwa da iska sun daɗe suna cin dutsen, har dalmar ta rikiɗe ta koma irin wadda ruwan cikin mutum ke narkarwa nan da nan. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago, ba tare da akwai jami'in ma'adinai ko na lafiya ko ɗaya da ya taɓa zuwa ya auna dutsen ya ce a yi hattara ba.

A nan zan ɗan ratse. Dutsen dalma ba baƙo ba ne a gidajenmu. Kwallin gargajiya mai ƙyalli da ake niƙawa a ranbaɗa wa jarirai, yawancinsa daga dutsen dalma ake samunsa. Dangi ɗaya ne da dutsen Zamfara, kuma ya kamata iyaye mata su san haka.

Abin da aka auna

A watannin Mayu da Yuni na 2010, ma'aikatan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da jami'an lafiya na Najeriya, suka bi Dareta da 'Yargalma gida-gida. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin wata goma sha biyu da suka gabata. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Kashi 82 cikin 100 na waɗanda suka rasu sun yi jijjiga kafin cikawarsu. Kusan kashi biyu cikin uku na gidajen ana sarrafa dutse a cikinsu.

Ana auna dalma a jini da maikurogiram a kowace desilita, wato kashi ɗaya cikin goma na lita. A wancan lokaci, idan yaro ya kai 10 ana ɗaukar abin a matsayin abin damuwa, idan ya kai 45 sai a fara ba shi maganin fitar da guba. A waɗannan ƙauyuka biyu, kashi 97 cikin 100 na yaran da aka gwada sun kai 45 ko sun wuce. Na'urar tafi-da-gidanka da aka zo da ita ba ta iya karanta abin da ya haura 65, kuma mafi yawan jinin da aka ɗiga mata ya fi ƙarfinta, sai dai ta nuna cewa ya yi sama kawai. Da aka kai ɗakin gwaji, aka sami yara masu ɗaruruwa. Ƙasar tsakar gida ma haka. A Amurka a lokacin, ma'aunin ƙasar da yara ke wasa a kai shi ne kada dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan. A wasu wurare na Zamfara an sami sama da 100,000.

Dalilin da ya sa manya suka tsira yara suka tafi yana cikin halittar jiki. Jiki na ɗaukar dalma kamar sinadarin da yake gina ƙashi da jini da shi ce, ya buɗe mata ƙofa. Cikin yaro na tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da cikin babba zai tsotsa, kuma yaron da ba ya samun isasshen abinci mai gina jiki ya fi tsotsa. Ƙwaƙwalwarsa kuma tana kan ginuwa. Idan gubar ta yi yawa ƙwaƙwalwar ta kumbura, daga nan ne jijjiga da suma ke zuwa. Wadda ba ta kashe ba, takan kwanta a ƙashi da haƙora shekaru masu yawa. Yarinyar da ta sha ta tana rarrafe, ranar da ta girma ta sami juna biyu, dalmar na iya fitowa daga ƙashinta ta shiga jikin ɗan da ke cikinta.

Kafin a shawo kan lamarin, yara sama da 400 sun rasu.

Magani ba ya yiwuwa sai an kwashe ƙasa

A nan ne lamarin ya zama darasi ga duk mai nazarin muhalli. Akwai magani, ƙwaya ce da ke kama dalmar cikin jini ta fitar da ita ta fitsari, ana shan ta makonni uku zuwa huɗu, wani yaron sai an maimaita masa sau da yawa. Amma ba a ba yaro ita a mayar da shi gidan da ƙasarsa ke cike da guba, domin zai sake kwasa, wahalar ta tashi a banza. Saboda haka likita ba ya iya fara nasa aikin sai mai shebur ya gama nasa.

MSF ta buɗe sashen jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum, aka kwantar da yaran da abin ya fi tsananta gare su tare da iyayensu mata. Kamfanin TerraGraphics na Amurka da cibiyar Blacksmith, masu aikin gyaran gurɓataccen muhalli, suka tsara aikin tsabtace gidaje tare da ma'aikatar muhalli ta jihar. Aikin kansa ba na manyan injina ba ne. Mutanen gari aka ɗauka, da fartanya da shebur da baro. A fitar da kayan ɗaki, a kankare saman ƙasar tsakar gida da ta ɗakuna, a zuba a buhu, a kai ramin da aka tanada a bayan gari a binne, a ɗebo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa, a share bango da rufi, a wanke kwanuka da tukwane. Gida bayan gida, lungu bayan lungu, har da kududdufan da aka riƙa wanke garin dutse a cikinsu, waɗanda kuma daga nan ake ɗibar ƙasar yin tubali.

Abin da ya fi burge ni a wannan mataki shi ne rawar sarakuna. Baƙo, komai iliminsa, ba ya shiga cikin gidan mutum ya ce a fitar da gadon matarsa waje. Masarauta ce ta yi magana, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka sauko da ita, aka yarda a fitar da niƙan dutse daga cikin gari zuwa wuraren da aka keɓe. Mutanen da ake cewa ba sa jin magana, da aka nuna musu abin da ke kashe 'ya'yansu a bakin wanda suka yarda da shi, sun ji. Daga tsakiyar 2010 zuwa farkon 2011 an tsabtace ƙauyuka bakwai: Dareta, 'Yargalma, Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza. Mace-macen suka ragu ƙwarai.

Bagega

Saura gari ɗaya, kuma shi ne mafi girma. Bagega, a ƙaramar hukumar Anka, ita ce cibiyar harkar, inda ake kawo dutse daga ramuka daban-daban a niƙa. Kuɗin masu ba da agaji ya ƙare kafin a iso ta. An san gubar na nan, an auna ta, an san kimanin yara 1,500 na zaune a cikinta, likitoci na Anka da maganinsu a hannu, amma ba halin bayarwa tunda ba a kwashe ƙasa ba.

Haka aka zauna shekara biyu. A watan Fabrairun 2012 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan halin da ake ciki. A watan Mayu aka yi babban taro a Abuja kan matsalar, ministocin da abin ya shafa, na lafiya da na muhalli da na ma'adinai, ba wanda ya halarta da kansa. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, damina ta zo ta wuce kuɗin bai fito ba. Sai da wasu matasa 'yan Najeriya ƙarƙashin shirin Follow The Money, wanda Hamzat Lawal ke cikin jagororinsa, suka ɗauki maganar suka kai ta shafukan sada zumunta da taken #SaveBagega, duniya ta yi ca, sannan a ƙarshen Janairun 2013 gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta saki kuɗin. Aka fara aiki, yaran farko suka fara shan magani a watan Afrilu, aka kammala kwashe ƙasa a Yuli.

Aikin da bai ci wata shida ba, shi aka jira fiye da shekara biyu. Wannan jiran ya fi komai ci mini rai a duk labarin. Mutuwar 2010 ta zo ba wanda ya sani. Ta Bagega kuwa an sani. Shekara biyu a rayuwar babba ba wani abu ba ne, amma yaron da aka haifa a Bagega a 2010 ya yi rarrafensa, ya yi tatata, ya fara magana, duk a kan wannan ƙasa, kuma waɗannan su ne shekarun da ƙwaƙwalwa ke ginuwa. Abin da dalma ta rushe a lokacin, babu ƙwayar da ke mayar da shi. Haƙƙin ma'adinai, bisa tsarin mulkin ƙasa da dokar ma'adinai ta 2007, na gwamnatin tarayya ne kacokan. Wanda ya ce dukiyar ƙarƙashin ƙasa tasa ce, ai gubar da ta fito tare da ita ma tasa ce.

Jimillar abin da aka yi daga 2010 zuwa 2013 ba ƙarami ba ne. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa sama da kubik mita 27,000 daga gidaje da wuraren aiki 820 a garuruwa takwas, akasari da hannu. Yara 2,349 sun sha maganin fitar da guba. Matsakaicin dalmar da ake samu a jinin yara kafin fara magani ya sauko daga 149 zuwa 15.

Tsugune ba ta ƙare ba

A 2015 abin ya sake ɓulla a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka rasu. Dutse iri ɗaya, aiki iri ɗaya a cikin gida, kuma aka sake jiran kuɗin tsabtacewa har shekara ta zagayo. A Zamfara kanta, wasu gidajen da aka tsabtace sun sake gurɓata. Ko an fitar da injin daga gari, mai haƙa yana komawa gida da yamma da ƙura a rigarsa da gashinsa da takalminsa, ɗansa ya ruga ya rungume shi. Wani kuma, idan ya sami dutse mai kyau, zuciyarsa ba ta yarda ya bar shi a daji ya kwana.

Tun farko akwai masu ganin mafita ita ce a hana haƙar baki ɗaya, kuma an sha sanar da hanin. Ni ban ga inda ya yi aiki ba. Mutumin da zinare ya fitar da shi daga yunwa ba zai bari don an yi sanarwa a rediyo ba. Abin da hani ke yi shi ne ya mayar da aikin ɓoye, kuma maɓoyar talaka ita ce cikin gidansa, daidai inda ake son raba dutsen da shi. Mai aikin da ake farauta ba zai kawo ɗansa gwaji ba, ba zai faɗi ramin da ya haƙo dutsen ba.

Hanyar da ta nuna alamar nasara ita ce ta zama da masu haƙar a gyara yadda suke aikin. MSF da ƙungiyar OK International, mai kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki, sun gwada haka da ƙungiyoyin masu haƙa: a riƙa fesa ruwa a bakin injin don kada ƙura ta tashi, a tanadi wurin wanka da sauya kaya kafin a koma gida, a ware wurin cin abinci nesa da wurin niƙa. Fesa ruwan kaɗai ya rage dalmar da ke cikin iska da kusan kashi 95 cikin 100. Ba fasaha ce mai tsada ba, tanki ne da famfo da bututu. Amma tana buƙatar ruwa a wurin da ruwan sha ma wuya yake yi, tana kuma buƙatar hukumar da za ta riƙa zuwa tana dubawa.

Zuwan nan shi ne ya gagara. Dazukan da ake haƙar zinaren su ne suka zama sansanin 'yan bindiga. A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a duk faɗin Zamfara saboda tsaro, ba a ɗage dakatarwar ba sai Disambar 2024. A tsakanin nan haƙa ba ta tsaya ba, sai dai ta koma hannun masu makami da waɗanda ke biyan su. Hanyoyin da ma'aikatan lafiya ke bi su kai magani suka zama na fargaba, garuruwa da dama suka watse, iyalai suka yi gudun hijira zuwa Anka da Gusau. A farkon 2022 MSF ta miƙa shirin ga gwamnatin jiha, bayan ta gwada jinin yara sama da 8,000 cikin kusan shekara goma sha biyu.

Akwai kuma waɗanda lissafin mace-mace bai ƙunsa ba. Cikin yaran da suka yi jijjiga suka farfaɗo, wasu sun tashi ba sa gani, wasu ba sa ji, wasu ƙafa ko hannu ya shanye, wasu ba su sake magana ba. Waɗanda suka fi su yawa ba a ganin komai a jikinsu, illa dai karatu ba ya zama, a biya musu allo yau gobe ya zube, ga saurin fushi da rashin natsuwa, a yi ta dukansu ana cewa taurin kai ne. Kwashe ƙasa da ƙwayar magani an yi su ne don a tsayar da mutuwa, kuma sun tsayar. Renon yaron da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu aiki ne na shekara ashirin, na malami mai haƙuri da asibitin da ke kusa, kuma a ƙauyukan nan nauyin ya faɗa kan iyaye mata, su kaɗai, a cikin gidajen da da yawansu yanzu an tashe su. Yaran da aka ɗebi jininsu a Dareta da 'Yargalma a damina ta 2010 yau samari ne da 'yan mata. Matan cikinsu sun kai munzalin aure, wasu ma sun fara haihuwa, kuma awon ciki a ƙaramin asibitin karkara bai haɗa da gwajin dalma ba.